Rajistar tambari ba ta bin kaya zuwa ƙetare

Da yawa daga masu kamfanonin magani da kayan asibiti na ɗauka cewa da zarar sun yi wa tambarinsu rajista a gida, shi ke nan sunan ya zama nasu a ko'ina. Ba haka abin yake ba. Kariyar tambari tana tsayawa ne a bakin iyakar ƙasar da ta ba da ita.

Ɗauki kamfanin Najeriya da ke son kai magani Nijar, Kamaru ko Chadi. Takardar Abuja ba za ta yi masa aiki a can ba, sai ya nemi rajista a OAPI, hukumar rajistar tambari ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, wadda rajistarta ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. A China kuwa, wanda ya riga shigar da takarda shi ke da suna. Abin takaici ne ka ga dillalin da ka aika wa samfur ya riga ka, kwalayenka na tsare a tashar ruwa da sunan da kai ka raɗa.

Akwai sauƙi ɗaya. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 6 daga ranar da ka shigar a gida, ka shigar a waje a lissafa maka da ranar farko.

A kula da rukuni kuma, domin rukuni-rukuni ake kasa kaya wajen rajistar tambari: magani na rukuni na 5, na'urorin asibiti na 10. Rajistar kwalbar sirop ba ta kare na'urar awon jini.