Maganar Lampard da aikin koci, a daina yanke masa hukunci da son rai

Dan Allah masu kallon ƙwallo ku ara min hankalinku, rubutun zai ɗan yi tsawo amma maganar ta daɗe tana ci min rai. Duk inda aka tada zancen Frank Lampard a matsayin koci, gidan kallo ne a Tudun Wada ko teburin mai shayi a Kawo ko nan Facebook, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce mutumin nan bai iya komai ba suna ne kawai ya ba shi aiki, wasu kuma, yawanci mu 'yan Chelsea, su ce zaluntarsa aka yi Tuchel da ya gaje shi a Chelsea ya zo ya ci guminsa. Ni ɗan Chelsea ne tun lokacin da Celestine Babayaro ɗan garin nan na Kaduna yake riƙe mana lamba uku, ina son Lampard har cikin raina, mutumin da ya ci mana ƙwallo 211 yana ɗan tsakiya ba wanda ya kai shi a tarihin kulob ɗin, amma wallahi duka ɓangarorin nan biyu ban yarda da su ba.

Mu fara da abin da ya tarar, don mutane suna saurin mantuwa. A watan Yulin 2019 aka ba shi Chelsea. Sarri, kocin da ya gada, ya tafi Juventus bayan ya gama na uku a firimiya ya kuma ɗauki kofin Europa a hannun Arsenal da ci 4 da 1. Hazard ya tafi Real Madrid, kuma wanda ya kalli Chelsea a kakar da ta gabata ya san Hazard shi ne rabin tim ɗin, ƙwallo 16 ya ci a firimiya ya ba da 15 aka ci, kai in wasa ya cije ma shi kowa yake kallo ya yi wani abu. Ga FIFA ta ƙaƙaba mana takunkumin sayen 'yan wasa saboda ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba bisa ƙa'ida ba. Wato an ɗauke maka gwaninka kuma an ce ba za ka shiga kasuwa ba. Pulisic da ya zo tun Janairu aka saye shi, Kovacic kuma dama yana nan a matsayin aro aka mayar da shi na dindindin, shikenan. Tsakani da Allah koci nawa ne masu suna za su karɓi aikin a haka, a ƙarƙashin Abramovich mai kulob ɗin a lokacin da kowa ya san baya da haƙuri?

Wasan farko Manchester United ta lallasa mu 4 da nema a Old Trafford, kwana uku bayan nan Liverpool ta ɗauke Super Cup a bugun fenariti a Istanbul. A lokacin 'yan United na unguwarmu cewa suke ko goman farko ba za mu shiga ba. Amma me ya faru? Ya ɗauko yaran akadami ya ba su riga ya ce ku buga. Mason Mount da Fikayo Tomori dama ya yi aiki da su a Derby, ga Tammy Abraham da ya ba lamba tara, ga Reece James. Tammy ya ci ƙwallo 15 a firimiya kakar nan. Kuma kar wani ya ce min ai dole ce ta sa shi, takunkumi ne. Eh takunkumi ya taimaka, amma Giroud yana nan, Batshuayi yana nan, Barkley da Pedro suna nan, da ya ga dama sai ya laɓe a bayan tsofaffi kamar yadda kociyoyin da suka gabace shi suka riƙa yi. Shekara nawa Chelsea tana cin kofin matasa tana tura yaran aro suna ɓacewa? Tun bayan John Terry da ƙyar ka nuna yaron akadami ɗaya da ya kafu a tim ɗin farko. Lampard ne ya buɗe ƙofar nan, har David Luiz ya bari ya tafi Arsenal, kuma wannan ba ƙaramar zuciya ba ce ga koci mai shekara ɗaya tak a aiki.

Ƙarshen kaka muka gama na huɗu da maki 66, muka samu tikitin kofin zakarun Turai, muka je wasan ƙarshe na kofin FA Arsenal ta ci mu 2 da 1, Aubameyang ya ci duka biyun. Ya doke Mourinho ubangidansa, da yake riƙe da Tottenham a lokacin, gida da waje a firimiya. Duk wanda ya kalli wannan ya ce Lampard bai taɓuka komai ba gaskiya adawa ce kawai take damunsa, ba ƙwallo yake magana ba.

Toh amma 'yan uwana 'yan Chelsea ku zo nan, don ku ma akwai abin da ba kwa son ji. A wannan kakar da muke yabo ƙwallo 54 aka zura mana a firimiya. Hamsin da huɗu fa, ƙungiyar da Mourinho ya taɓa kai ta kaka guda ƙwallo 15 kacal aka ci ta, kuma Lampard ɗin yana cikin fili a lokacin, ya ga yadda ake yi da idonsa. Za ku ce laifin Kepa ne, na yarda Kepa ya yi ta'asa har sai da aka ajiye shi a benci aka sa Caballero, amma ba gola kaɗai ba ne. Ku tuna yadda muke kallon wasa, da an ba abokan karawa kwana sai gabanka ya faɗi, da an ƙwace ƙwallo a tsakiya sai ka ga fili fetal ba kowa, 'yan tsakiya duk sun haye gaba an bar 'yan baya biyu suna raba ido. Ajax ta zura mana huɗu a gida, Bayern ta yi mana 7 da 1 gida da waje, Sheffield United ta ba mu uku ba ko ɗaya. Ni a wajena wannan shi ne ma'aunin sabon koci, ba wai an ci shi ko ya ci ba, a'a, shin kuskuren da ya yi a watan Agusta shi ne yake maimaitawa a watan Yuli? In shi ne toh akwai abin da baya gani ko kuma yana gani bai san maganinsa ba. Kuma na Lampard bai canza ba har kakar ta ƙare.

Kaka ta biyu ce ta fito da komai fili. An buɗe masa bakin aljihu, sama da fam miliyan 200, Werner, Havertz, Ziyech, Chilwell, Mendy a raga, ga Thiago Silva a kyauta. Farkon Disamba 2020 bayan mun ci Leeds har saman tebur muka hau, a Turai ma mu muka jagoranci rukuni. Daga nan sai abu ya kwance, Everton, Wolves, Arsenal, City, Leicester, wasa biyar aka ci mu cikin takwas, muka gangaro na tara. Abin da ya fi damuna ba rashin nasarar ba ne, kallon wasan ne, ba ka san me ake son bugawa ba, yau Havertz a gefe gobe a tsakiya, Werner da aka sayo don ya ci ƙwallo an maƙale shi a lamba sha ɗaya, kowane mako sabon jeri. Rudiger an ajiye shi gefe, Marcos Alonso tun wasan West Brom da aka tashi 3 da 3 bai sake ganin fili a firimiya ba, shi kansa Tomori da ya taso a hannunsa aka bari ya tafi AC Milan aro, ya je can ya ɗauki Serie A a 2022. Ranar 25 ga Janairu 2021 aka sallame shi, kwana ɗaya bayan ya ci Luton a kofin FA.

Nan ne masu cewa an ci guminsa suke ɗaga murya, wai ai tim ɗinsa ce ta ɗauki kofin zakarun Turai a Porto wata huɗu bayan tafiyarsa, Mount yaronsa ya ba da ƙwallo Havertz da ya sayo ya ci City. Gaskiya ne. Amma malam wannan hujjar kanta ai kansa take komawa. 'Yan wasa ɗaya, ba a sayi ko mutum ɗaya ba, Tuchel ya zo ya mayar da 'yan baya uku, ya dawo da Rudiger da Alonso da Azpilicueta, wasa 14 na farko ba a ci shi ba kuma ƙwallo biyu kawai suka shiga ragarsa. Kenan kayan aiki suna nan, mai haɗawa ne babu. Lampard ya tara kayan kuma a ba shi ladansa, amma cewa da an bar shi shi ma zai ɗauko kofin nan, wallahi zuciyata tana so in yarda amma idona bai ga alamar hakan ba.

Abin da nake ganin ya cuci mutumin nan shi ne gaggawa, kuma ƙaunar da muke masa tana ciki. Kaka ɗaya ya yi a Derby, ya gama na shida a Championship, gasar da ke ƙasa da firimiya, ya fitar da United a kofin Carabao, ya fitar da Leeds ɗin Bielsa a wasan cike gurbi, Aston Villa ta ci shi 2 da 1 a Wembley. Aiki mai kyau, amma shekara ɗaya ce fa. Ka je Panteka ka tambaya, yaron da hannunsa ya fi na kowa iya aiki ba shi ake ba garejin ya riƙe rana ɗaya ba, don iya kwance inji daban, iya sa mutum goma su yi aiki tare da lallashin kwastoma da sanin wanda za ka tsawata wa da wanda za ka ƙyale daban. Babban ɗan wasa abubuwa da yawa a jininsa suke, Lampard ya san lokacin da zai shigo cikin sha takwas ba tare da an faɗa masa ba, toh ta yaya zai koya wa wanda bashi da wannan baiwar? Sai ya zauna ya koyi koyarwa, kuma wannan shekaru take ci.

Ku duba waɗanda ake kafa mana misali da su. Guardiola ƙaramar tim ɗin Barcelona ya fara riƙewa a 2007 a can ƙasan gasar Sifaniya inda ba kyamara. Zidane ya zauna a bayan Ancelotti a matsayin mataimaki, ya riƙe Castilla ƙaramar tim ɗin Madrid, sannan aka ba shi Madrid a 2016. Xabi Alonso da yaran Madrid 'yan shekara 14 ya fara, ya yi shekara uku a ƙaramar tim ɗin Real Sociedad kafin Leverkusen, inda ya ɗauki Bundesliga a 2024 ba a ci shi ko wasa ɗaya ba. Arteta ya yi shekara uku da rabi a gefen Guardiola, kuma duk da haka na takwas ya gama sau biyu a jere, bambancin kawai Arsenal ta yi haƙuri da shi. Waɗanda aka jefa kai tsaye kuma fa? Gary Neville a Valencia wata huɗu, Barcelona ta yi masa 7 da nema. Thierry Henry a Monaco wata uku aka dakatar da shi. Pirlo ya ɗauki Coppa Italia ma amma kaka ɗaya Juventus ta sallame shi. In aka jera su Lampard ya fi su duka abin nunawa, wannan ma a faɗa.

Mu ma nan gida ciwon ɗaya ne, har ya fi. Finidi George ya yi haƙuri ya riƙe Enyimba tun 2021, ya sha tafiyar mota da filayenmu da kowa ya san halinsu, ya ɗauki kofin lig a 2023. Da aka ba shi Super Eagles a 2024 wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, kunnen doki da Afirka ta Kudu, Benin ta ci mu 2 da 1, shikenan aka taso shi a gaba har ya ajiye aikin. Wasa biyu! Mutanen da suka yi ta ihu a ba namu tsofaffin 'yan wasa su ne suka fara zaginsa. Shi ma Daniel Amokachi namu na Ranchers Bees ya riƙe Nasarawa United, ya zauna a gefen marigayi Keshi aka ɗauko kofin Afirka a 2013, amma in ana lissafin kociyoyi ba kasafai ake tuna wannan ba, ƙwallayensa na 1994 kawai ake tunawa. Muna ɗaga su sama saboda abin da suka yi da ƙafa, in suka yi tuntuɓe ɗaya a benci mu yar da su, ba ma tsayawa mu duba me suka tarar, me aka ba su, wane yaro ne ya gyaru a hannunsu.

Bayan Chelsea ba sai na ja ba. Everton ya tsallakar da su daga faɗuwa a 2022, aka kore shi Janairun 2023. Dawowarsa Chelsea riƙon ƙwarya a Afrilun 2023 kuwa bai kamata ya karɓa ba sam, wasa 11 ya ci ɗaya, tim ce da ta riga ta watse an tara 'yan wasa fiye da kima, son kulob ne ya ja shi kuma sunansa ne ya biya kuɗin.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne karɓar Coventry a Nuwamban 2024. Mutum mai kuɗinsa da sunansa, da ya so sai ya zauna a talabijin yana sharhi yana sukar wasu hankali kwance, amma ya koma Championship ya ɗauki tim tana ta 17 ya kai ta ta biyar, Sunderland ta fitar da su a wasan cike gurbi da ƙwallon minti na ƙarshe. Irin wurin da ya kamata a ce ya yi shekara uku ko huɗu kenan tun farko kafin Chelsea ta kira shi. Hukuncina a kan shekarunsa na farko dai shi ne ya iya tada yara, ya iya sa tim ta ci ƙwallo, bai iya tsare gida ba kuma bai iya tafiyar da manyan 'yan wasa masu ji da kansu ba, biyun farko baiwa ce da ba kowane koci yake da ita ba, biyun ƙarshe kuma ana koyonsu. Masu cewa a dawo mana da shi Stamford Bridge ku yi haƙuri, ni sai na ga tim ɗinsa ta yi kaka guda cur ana shan wahala kafin a zura mata ƙwallo, a buga mata kwana magoya baya ba su dafe ƙirji ba, sannan zan shiga layinku.