Kafin ka tura hoton Khajuraho gaba, ɗan tsaya

Salamu alaikum ƴan uwana matasa. Shekaranjiya wani abokinmu ya turo hotuna a guruf ɗinmu na WhatsApp, sassaƙen dutse ne maza da mata tsirara rungume da juna, ya rubuta a ƙasa wai ku ga yadda Indiyawa ke bautar zina, kafin ka ce kwabo guruf ya cika da dariya wasu ma har sun fara tura wa gaba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Wurin nan sunansa Khajuraho, a jihar Madhya Pradesh ta ƙasar Indiya. Sarakunan Chandela ne suka gina ɗakunan bautar, galibinsu tsakanin shekarar 950 da 1050, da farko sun kai 85 yanzu wajen 25 suka rage, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986. To ku sani irin sassaƙar da aka turo mana kusan kashi 10 cikin 100 ce kawai ta abin da ke jikin ginin. Saura fa? Mayaƙa ne da giwaye da makaɗa, ga mace tana sa kwalli, wata tana duba madubi, wata ta ɗaga ƙafa tana cire ƙaya. Wanda ya ɗauki hoton duk ya tsallake waɗannan, idonsa ya tafi inda zuciyarsa take.

Su kuma mabiya Hindu suna da yadda suke kallon abin. A wajensu rayuwar mutum manufa huɗu gare ta, dharma wato bin gaskiya da sauke haƙƙi, artha neman dukiya, kama sha'awa da jin daɗi, sai moksha kuɓutar rai wadda ita ce ƙololuwa. Siffar namiji da mace a haɗe suna ce mata mithuna, kuma galibi a bangon waje ake sassaƙa ta, can ciki ƙaramin ɗaki ne mai duhu da suke kira garbhagriha inda abin bautar yake, shi ya sa wasu ke fassara cewa mai shiga sai ya baro sha'awa a waje tukuna. Wasu sun ce alama ce ta haɗuwar Shiva da Shakti, wato abin bautarsu namiji da takwararsa mace, wasu sun ce tsari ne daga sharri da kambun baka.

Ni musulmi ne, bautar gunki ba hanyata ba ce kuma ba kare ta nake ba. Amma dan Allah ku buɗe Suratul An'am aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su juyo su zagi Allah cikin jahilci. Kuma mu ne fa muka fi kowa sanin zafin wannan abu, a yanko bidiyon ɗan ta'adda guda a ce ga Musulunci, ranmu ya ɓaci mu kwana muna martani. Ta yaya za mu yi wa wasu haka?

Sannan tsiraici ko na dutse ne tsiraici ne, guruf ɗin nan akwai ƙannenmu akwai matan aure, ba ka san hannun yaron da wayar za ta faɗa ba. Ni dai na goge su a wayata, na kira abokin namu shi kaɗai muka yi magana, ya ce bai taɓa jin sunan garin ba ma, shi ma turo masa aka yi.