Kowa na maganar zafin wutar, wa ke maganar tukunyar?

Duk sanda aka kawo labarin ITER, wancan katafaren aikin makamashin nukiliya da ake ginawa a kudancin Faransa, abin da ake ta yayatawa shi ne zafin digiri miliyan 150 da za a tara a cikinsa. To madalla, amma ni fa tambayata ita ce, wace tukunya ce za ta riƙe irin wannan wuta shekara da shekaru?

Abin da ke cin tukunyar ma zai ba ka dariya, hiliyam ne, iskar nan da ake hura wa yara balan-balan da ita. In niyutron, wato ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin zarra da wutar ke harbowa, ya daki ƙwayoyin zarra na bangon na'ura wasu sai su rikiɗe su haifi hiliyam can cikin jikin kayan, shi kuma gogan ba ya narkewa ba ya haɗuwa da kowa, sai dai ya yi ta taruwa yana kumfa a mahaɗar ƙananan tsakuwoyin da suka haɗu suka yi kayan har abu ya kumbura ya tsage. Ƙarfe yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye, tangaran kam, wanda shi ma ake amfani da shi a irin waɗannan na'urori, fashewa kawai yake. An daɗe da ganin haka a boron kabaid, wani nau'in tangaran na sandunan da ke rage ƙarfin injin nukiliya.

Kuma ba a gudun tangaran ɗin. Tun bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, inda rufin ƙarfen zakoniyam na sandunan makamashi ya haɗu da tururi ya saki haidirojin da ya fashe, hankali ya koma kan silikon kabaid, shi ma tangaran ne, saboda juriyar zafinsa.

Ni dabarar da ta fi kwanta min a rai ba ta toshe hiliyam ba ce, don wanda aka haifa a cikin gida ba a rufe masa ƙofa. Ko dai a ƙanƙanta tsakuwoyin kayan sosai yadda zai warwatsu bai samu inda zai yi taro ba, ko a yi tangaran mai tsarin gilashi da zai bar shi ya sulale waje, kamar yadda randa ke tsatsafo.

Sai dai yawancin gwajin nan a ɗakin bincike ake harba hiliyam da na'ura, ba ainihin niyutron ɗin ba ne. Cibiyar da za ta yi gwajin gaske, IFMIF-DONES, yanzu ake gina ta a Giranada ta Sifaniya, ita ya kamata a fara zuba wa kuɗi, tunda ITER ɗin ma an ɗage cikakken aikinsa sai 2039.