Samari masu shirin Brazil da Portugal, ku kiyayi sunan metido

Assalamu alaikum 'yan uwana samari, musamman ku da kuka duƙufa koyon yaren Fotugis saboda ƙwallo ko kasuwanci ko karatu, wasu na hangen Sao Paulo wasu Lisbon wasu Luanda. Kowa ya haddace bom dia da obrigado da yadda ake tambayar farashi, amma kalmomin da za a jefe ka da su da zarar ka ba da baya ba mai kula su, kuma wallahi su ne za su nuna ko za ka yi jama'a a garin ko ka zauna kai kaɗai.

A Brazil wadda za ka fi ji ita ce metido, in mace ce metida, wato mai ji da kai, mai ɗagawa. In abin ya yi tsamari sai su ce metido a besta, wannan kam zagi ne, kar ka kuskura ka faɗa wa mutum ido da ido wai kana gwada yare. Akwai ele se acha, yana ganin shi wani ne, akwai nariz empinado mai ɗaga hanci, sai wadda ta fi ban dariya, tem o rei na barriga, wai sarki ne zaune a cikin cikinsa. 'Yan Portugal su kuma cewa suke tem a mania ko armado em bom.

Ku 'yan ƙwallo naku daban ne. Ɗan wasan da suna ya hau masa kai mascarado ake ce masa, ƙungiyar da ta raina abokan karawa kuma a ce ta shigo fili da salto alto, takalmi mai tsini irin na mata. Romario na Brazil an sha kiransa marrento saboda taƙama, to amma shi ya ɗauko musu kofin duniya a 1994 shi ya sa aka yi masa uzuri, kai da ko benci ba ka samu ba da me za a yi maka?

Abin da ya fi damuna shi ne da yawanmu ba girman kan ne da su ba, kunya ce da kawaici irin na gida. An tarbiyyantar da mu kar ka kalli babba cikin ido, kar ka cika surutu, in an yi maka tayin abinci ka ce alhamdulillahi. To mutumin Brazil bai san wannan ba. Shi dai ya ga ka wuce porteiro, mai gadin ƙofar benen da kake haya, kai a sunkuye ba ko bom dia, an kira ka shan kofi wurin aiki ka ƙi, an yi wasa ba ka yi dariya ba, shi ke nan an gama da kai, kafin sati ya zagayo duk benen sun san baƙon nan metido ne. Kuma porteiron nan shi ke karɓar saƙonka, shi mai gida zai tambaya halinka. Dan Allah ku buɗe baki ku gaisa, ku tambayi sunansa ku riƙe. In giya ce ko naman alade aka miƙo maka ka faɗi dalili da fara'a, ka ce addinina ne, mafi yawansu suna ganewa, shirun ne ke ɓata maka suna.

Masu girman kan gaske kuwa, masu ka san ko ni ɗan waye, can ma akwai irinku, jimlarsu ita ce você sabe com quem está falando, ka san da wa kake magana, kuma har suna suka sa wa halin, carteirada, ana ɗaukar masu yi a waya ana yaɗawa ana musu dariya. Mu da muka karanta wasiyyar Luƙman ga ɗansa a aya ta 18 ta Suratu Luƙman, kar ka karkatar da fuskarka ga mutane, kar ka yi tafiya a ƙasa da taƙama, ai bai kamata sai wani ya koya mana da yarensa ba.

In kuma Lisbon ka nufa ka yi hattara da você ɗin, wato kai ko ke, da ka koya a bidiyon 'yan Brazil, dattawa da yawa a can raini suke ɗaukarsa, ka ce o senhor ga namiji ko a senhora ga mace, kalmomin girmamawa, har sai su da kansu sun ce ka daina.