Ba kwamfutar mota ce ke da laifi ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowane mai mota ya koma lissafin lita, amma abin takaici har yanzu a wasu garejojin Jos ana ba mutane shawarar a cire musu injekta, wato na'urar feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa, a dasa kafireta irin ta tsofaffin motoci, wai motocin zamani kwali ne, kwamfutarsu ba ta jure wahalar ƙasarmu. Hujjar kullum ita ce Peugeot 504 da a da ake haɗawa a Kaduna, wadda a cewarsu sukundireba da filaya sun isa a tashe ta ko a tsakiyar daji.

Gaskiya ne ana tashin ta a daji, sai dai ba a faɗin sau nawa take mutuwa a can. Duk wanda ya riƙe motar kafireta a garin nan ya san safiyar hunturu: a ja cok, a yi ta buga ki har batir ya sauka, a ƙarshe a tara yaran unguwa su tura. Kwantak yana cinyewa, filogi yana yin baƙi, saiti ba ya ƙarewa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Abuja kauri ba, saboda haka kafiretar da aka saita a can ƙasa, idan ta hayo Filato, mai take zubawa fiye da kima. Motar injekta kuwa tana auna iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita, ta daidaita man da kanta ba tare da kowa ya buɗe bonet ba.

To me ke kashe waɗannan motoci? Mafi yawa hannun mutum ne. Da zarar 'yar Kwatano ta iso, bakanike zai cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, ya ce na ƙasar sanyi ne, rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, injin ya daina kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta kuma ta ci gaba da ƙara mai domin a lissafinta motar ba ta ɗumama ba. Wani ya fasa salansa ya kwashe abin tace hayaƙin da ake kira indomi ya sayar, a wurin wanki a feshe wayoyi da ruwa mai ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kama a ce a share ta kawai. Idan motar ta fara shan mai tana jijjiga, sai a ɗora wa Bature laifi.

Masu cewa kayan lantarki sun yi tsada kuma ambaliya na ƙona kwamfuta ba su yi ƙarya ba, amma ai ambaliya ko injin 504 ma tana iya kashewa.

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka, inda tokumbo da yawa ke fitowa, samun soket ɗin OBD-II da ake jona na'urar bincike ta nuna inda matsala take. Bakaniken da har yau yake canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota, yana cewa "Alhaji, bari mu gwada wannan", ba shi da uzuri. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai na Farin Gada da Bukuru su wajabta wa 'ya'yansu koyon na'urar kafin a yaye su, masu motoci kuma su daina miƙa ki ga wanda ba shi da ita.