A ba makaɗanmu fili a titunan Gusau

Jiya da la'asar, a hanyar Tudun Wada, na hangi wani dattijo gindin darbejiya da kotso a kan cinya yana ɗaure tsarkiya. Na tsayar da mashin muka gaisa. Na ce, "Baba, ya sana'a?" Ya ce rabon da a kira shi wasa tun lokacin kamfen. Sai ɗana da ke bayana ya ce, "Abba, wannan kalangu ne?"

Wallahi raina ya sosu. Yaron da aka haifa a Zamfara, ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, bai san kotso ba! Dattijon bai ji haushi ba. Ya jawo shi kusa, ya nuna masa cewa kotso baki ɗaya gare shi, da hannu ake buga shi, ga wani danƙo da ake kira nake manne a tsakiyar fata, shi kuwa kalangu baki biyu, sai da makaɗi. Ya ɗan taɓa kaɗan. Kafin ka ce kwabo yara sun kewaye mu, har mai shayi ya baro tukunyarsa.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da masarautunmu ke nan: a ware rana ɗaya a wata, a ba makaɗan gargajiya fili a ƙofar fada ko bakin kasuwa, kowa ya kalla kyauta. Kuma a biya su, yadda ake biyan duk wanda ya yi aiki, ba a bar su suna bin motar ɗan siyasa ana cillo musu ɗari biyar ba. Faransa tun 1982 ta maida 21 ga Yuni ranar kiɗa a tituna. Mu ba sai mun yi aro ba, da dandali muka tashi, ga gangar noma, ga kiɗan mahauta.

Na san za a ce addini, kuma ban raina wannan magana ba. A fara bayan La'asar, a tashi kafin kiran Magariba, mata gefe maza gefe, ban da batsa da zambo. Maganar tsaro ma gaskiya ce, ta taɓa kowane gida. Amma ita ce ta koro makaɗan ƙauye da yawa cikin gari, suna zaune ba abin yi.

Makwabtanmu na Argungu sun riƙe bikinsu na kamun kifi tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, domin sun bar yara suna gani da idonsu. Dattijon nan ya ce min babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya koyi kiɗan. Ranar Asabar zan sake kai ɗana wurinsa, na riga na yi masa alkawari.