Matasa, ku dubi yadda sha'ir ya gina birnin Uruk

'Yan'uwana matasa, duk mai ganin noma aikin wanda ya rasa abin yi ne, ya leƙa tarihin Sumeriyawa, mutanen da suka zauna kudancin Iraki, tsakanin kogin Dajla da Furatu. Ruwan saman ƙasarsu bai isa ya raya shuka ba. Kogunan ma ba sa kawo ruwa lokacin da ake so: a shuka sha'ir a Oktoba ko Nuwamba, ambaliya ta zo a Afrilu da Mayu, daidai lokacin girbi. Dole ta sa suka yi wa kogi shinge da tarin ƙasa, suka haƙa magudanai, kuma sai an riƙa taruwa ana yashe lakar da ta toshe su. Aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya sai da shugaba, da mai rabon ruwa, da mai riƙe lissafi.

Garmarsu ta shanu tana da mazurari a sama, iri na gangarowa cikin layi ɗaya bayan ɗaya, ba a watsa shi barkatai. Da rumbuna suka cika, sai aka sami abin ciyar da magini da maƙeri da masaƙa. Albashi ma sha'ir ne: a zamanin daular Ur ta uku, wata masarautar Sumeriyawa mai cibiya a birnin Ur, namiji ma'aikaci yakan karɓi kimanin lita 60 a wata, mace 30. Rubutun da ya ɓullo a Uruk, ɗaya daga cikin manyan biranen Sumeriyawa, wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), galibinsa lissafin hatsi ne da tumaki a kan allon yumɓu. Kai da ke da waya a aljihu, ka san buhu nawa gonarku ta ba da bara, nawa aka kashe a taki?

Ruwan nan kuma ya jawo musu wahala. Biranen Lagash da Umma sun shafe shekaru sama da 100 suna faɗa kan fili mai suna Gu'edena da ruwan da ke shayar da shi. Ga kuma gishiri, wanda nake so masu noman rani a Kadawa da Bakolori su kula da shi sosai. Idan ana malala ruwa ba hanyar ficewa, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya taso, rana ta ƙone shi, gishiri ya kwanta fari fat a saman gona, tsiro ya ƙi fitowa. Sumeriyawa sun riƙa noma gona bana su bar ta ta huta baɗi, suka kuma fi dogara ga sha'ir domin ya fi alkama jure gishiri. Kada ku ba gona ruwa fiye da buƙatarta, kuma ku gyara magudanar fitar da ruwa tun kafin ku buɗe ta shigowa.